Shekarar da Gwaggo Ta Yi Garkuwa da 'Yata

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki suka koma bariki, muna zaune a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo, ni da maigidana da 'yarmu ta fari. Shi akawu ne a ma'aikatar gona. Yana da besfa shuɗiya, yana da rediyo mai rigar fata, kuma yana da ra'ayi a kan kowace ƙasa ta duniya, har waɗanda bai san ta ina rana take fito musu ba. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma in ya fara zancen siyasar duniya sai tuwo ya huce a gabansa.

Ɗakin da yake kallon namu na wasu Kiristoci ne, mutanen kudancin Zariya, inda yanzu ake ce wa kudancin Kaduna. Mijin tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi, kowa Saje yake ce masa. Matar malamar firamare ce, muna kiranta Maman 'Yan Biyu. Ita kuma tun ranar da muka tare ta laƙaba mini Maman Bebi, kuma da ƙarfi take faɗa, daga bakin famfo har zaure ana ji. Duk sanda ta kira ni haka sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Yaran yanzu ba za su gane dalili ba. A yadda aka raine mu, ɗan fari abin jin kunya ne. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce ɗana ko 'yata. In ya faɗi a gaban surukai sai ta kau da kai, wani ya ɗaga shi. Ni kuma tawa kunyar ninki biyu ce, domin yarinyar sunan Gwaggo ta ci.

Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta raine shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifiyarsa. Tana zaune a Tarauni, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gajera ce, siririya, amma in ta yi gyaran murya har awakin gidan sai sun nutsu. Mun taso mun ji ana cewa ba ta taɓa haihuwa ba, ba wanda ya taɓa tambayar fiye da haka.

Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki yarinyar ta isa yaye. Gwaggo ta zo da kanta da hantsi, ta goya ta, ta ce za ta tafi da takwararta ta manta da nono. Wannan ba baƙon abu ba ne, haka ake yi. Yaro ya yi mako ɗaya ko biyu a wajen kaka, ya saba da kunu, a dawo da shi. Na haɗa mata 'yan riguna a ɗankwali, ban ko raka su zaure ba don kada a ce na damu.

A makon nan ne rediyo ya kawo labarin cewa ɗalibai a ƙasar Iran sun haura ofishin jakadancin Amurka, sun rufe ma'aikatan ciki, sun ce ba mai fita. Shi ke nan, majalisar ƙofar gidanmu ta samu abin yi. Kullum bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, maigidana ya ɗora rediyonsa a tsakiya, Saje ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, maƙwabta su kewaye su. Tagar ɗakina a kansu take, don haka ko ina so ko ba na so ni ma 'yar majalisa ce.

"Amurka ta ga ta kanta," in ji maigidana. "Ga jiragen yaƙi, ga makamai, ga ƙawaye cike da Turai, amma 'yan makaranta sun rufe mata mutane ta kasa kataɓus."

Saje ya ce, "Malam, waɗannan ƙawayen da kake lissafawa fetur suke so. Za su aiko da jaje, za su yi taro su sha shayi. Amma ba wanda zai tura ɗansa ya mutu saboda ɗan wani. Na ga irinsu lokacin yaƙinmu."

"To ai mu da mu aka taɓa, da tuni an wuce wurin! Ga fetur, ga sojoji, ga nairarmu ta fi dala. Duk Afirka wa zai ja da mu?"

"Ko igwa gare ka, Malam, ta ina za ka harba, alhali mutanenka suna cikin ɗakin?"

Haka suka yi ta yi. Mako biyu ya wuce, wata ya wuce, Amurkawa ba su fito ba, yarinyata ma ba ta dawo ba. Da maigidana ya je gaisuwa ya ɗan taɓo zancen, sai Gwaggo ta ce takwara ba ta gama sabawa da kunu ba. Da ya koma, ta ce sanyi ya shigo, ba a yawo da yaro a sanyi. A zuwa na gaba ba ta ma ba da dalili ba. Ta nuna masa sabuwar katifa 'yar ƙarama da ta sa aka ɗinka, da ɗan kwanon sha mai fure. Ya dawo yana ba ni labarin kyan kwanon. A nan na gane yaye ya zama riƙo, kuma ba wanda ya ga abin magana a ciki sai ni.

Ban iya faɗa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ina kewar yarinyar nan har cikin ƙashina. In na share ɗaki na ga ba wanda zai sake watsa mini kaya, sai in zauna a bakin gado in rasa abin yi da hannuwana. Ni ban san wa yake da gaskiya tsakanin Iran da Amurka ba, har yau ma ban ce na sani ba. Abin da na sani, duk sanda rediyo ya ambaci iyalan waɗanda aka tsare, sai in bar tsintar shinkafa in kasa kunne.

Tun da kullum ina jin darasin ƙawance ta taga, sai na ce bari ni ma in nemi nawa ƙawayen. Na fara da babbar ƙasa, wato mahaifiyata, a cikin birni. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce gidan ya yi shiru, na ce ko sauro ya yi yawa a Tarauni. Inna ta dube ni ta ce, "Ke, ba ki da kunya? 'Yar fari kike wa wannan zumuɗin? Kada ki kuskura ki ja mana magana a wajen dangin miji." Ta ba ni kuka da daddawa ta sallame ni. Na aika wa yayan maigidana ta bakin matarsa, ya aiko cewa yana tare da ni ɗari bisa ɗari, a dai ƙara haƙuri. Da na ji wannan saƙo sai na tuna masu shan shayin Saje, dariya ta kama ni ina tsaka da jin haushi.

Daga nan na sa wa Gwaggo takunkumi. Na daina aikawa a sayo man gyaɗarta, na koma sayen na kasuwa. Wata guda muna cin miya da mai mai ɗaci, Gwaggo ba ta ma san ana yi ba.

Ƙawa ɗaya ce ta tsaya mini, ita ce Maman 'Yan Biyu. Ita abin gaba ɗaya ya ɗaure mata kai.

"Maman Bebi, ban gane ba. Ke kika haife ta ko ba ke ba?"

"Don Allah rage murya."

"Ba zan rage ba! A garinmu in kaka ta riƙe maka yaro, kana zuwa ka ce Kaka na gode, ka ɗauki abinka. Mene ne abin kunya a ɗan da kika yi naƙudarsa? Ina nan fa ranar, duk layin nan an ji ki."

Ita ta zama 'yar leƙen asirina. In ta taso daga makaranta sai ta bi ta Tarauni da sunan sayen ƙuli, ta dawo mini da rahoto: Bebi ta ƙara haƙori, Bebi an yi mata kitso, Bebi tana korar kaji da muciya. Ƙulin da matar nan ta saya saboda ni, 'yan biyunta sun ci har sun ƙi shi.

A waje kuwa majalisa sai ƙara zafi take. Da Rasha ta shiga Afganistan, maigidana ya koma jera tsinken ashana a kan tabarma, wannan yana bayan wannan, wancan in an taɓa shi wane zai shigo. Akwai wani tela da kullum yake tambaya, "To mu muna bayan wa?" Maigidana ya ce mu 'yan ba-ruwanmu ne, ƙarfinmu ya ishe mu. Saje ya ce ai kowa ɗan ba-ruwanmu ne kafin a kama nasa.

Da bazara, ana tsakiyar zafin nan mai sa mutum ya tsani rigarsa, aka wayi gari da labarin Amurka ta tura jirage masu saukar ungulu a asirce su kwaso mutanenta, guguwar rairayi ta lalata aikin a cikin hamada, har an yi asarar rayuka, ba su ko isa garin ba. Saje ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, domin shi soja ko na wace ƙasa ne ɗan'uwansa ne. Maigidana kuwa da ya shigo cin abinci bai bar zancen ba.

"Kin ji ƙasar da ake tsoro? Ko ƙofar gidan ba su gani ba!"

Ban san sanda bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Su dai sun gwada."

Ya tsaya da loma a hannu. Can ya kai ta baki, ya ci gaba da cin abincinsa. Amma washegari na hango shi ta taga shi da Saje su biyu, Saje yana zane a ƙasa da sandarsa.

Maman 'Yan Biyu ce ta kawo mini tsarin. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, lokacin Gwaggo tana kan suyar ƙuli ba ta iya barin kasko, maigidana zai shiga ya gaishe ta a tsaye. Ba zama, ba cin abinci, Saje ya nanata wannan. Zai ce zai kai yarinyar bakin titi ya saya mata alewa. Da sun fito sai besfa, sai Gyaɗi-Gyaɗi. In ya so daga baya a tura manya su ba da haƙuri.

Ranar na share ɗaki sau ba adadi, na dama kunun gyaɗa na rufe. La'asar ta yi, ba su ba alamarsu. Sai dab da magariba muka ji ƙarar ƙarfe a lungu. Ga maigidana nan yana turo besfa da hannu, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, an ɗaure galan ɗin man gyaɗa a bayan sirdi, ga ƙullin ƙuli yana reto a madubi. Ba yarinya.

Saje ya ɗingisa ya tare shi. "Malam, ka zauna ko?"

"Ta riga ta shimfiɗa tabarma."

"Ka ci abinci?"

"Dambu ne, Saje. Da man shanu."

Ashe yana cikin ci Gwaggo ta ɗauko labarin yadda ta yi jinyarsa yana yaro, ta goya shi a ƙafa har asibitin cikin gari. Da ya daure ya kawo zancen alewa, sai ta miƙa hannu ƙarƙashin tabarma ta ɗauko alewar ta ba yarinyar. Da ya fito kuma besfa ta shaƙi rairayin lungun ta ƙi tashi. Saje ya tambaye shi ko ya dai ga wadda aka tura shi ɗaukowa. Ya ce ya gan ta, ta yi ƙiba. Maman 'Yan Biyu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na yi, sannan na shiga ɗaki na zubar da hawayena a kan kunun da ya riga ya yi sanyi.

Abin da ya ƙare mini haƙuri ya zo ne bayan haka kaɗan. Na je Tarauni barkar haihuwa a maƙwabtan Gwaggo, na shiga gaishe ta. Yarinyar tana tsakar gida tana wasa da murfin kwano. Ta ɗago ta dube ni, ta ruga ta ɓuya a bayan zanen Gwaggo, tana leƙe tana cewa, "Inna, baƙuwa." Matan gidan suka yi ta dariya, suna cewa ai takwara ta zama 'yar gida. Ni ma na yi murmushi yadda ya kamata mai kunya ta yi. A hanyar dawowa ban ga gabana sosai ba.

Na shaida wa Maman 'Yan Biyu. Wannan karon ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Zan raka ki. In kina so ma ni zan yi maganar. Amma tsohuwar nan za ta ce ina ruwan malamar makaranta, kuma gaskiyarta ne. Ba Bebi na ba ce."

Da safe na ce wa maigidana zan je Tarauni. Ya dube ni, ya dubi mayafina, bai tambayi abin da zan je yi ba. Ya ce a dawo lafiya, har ya ƙara da cewa in gaishe da Gwaggo.

An yi ruwan farko a daren, ƙasa tana ƙamshi. Muka bi ta gefen gonaki a ƙafa, domin a lokacin tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai sauran fili. Maman 'Yan Biyu tana ta koya mini abin da zan faɗa. A zauren Gwaggo ta tsaya, ta gyara mini mayafi ta ce, "Iyakata nan. In kin ji tsoro ki yi tari, zan shigo in sayi ƙuli."

Na tarar da Gwaggo a gaban turmi tana matsar tunkuza, mata uku na taya ta. Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi gajiya, na tambayi ruwan jiya, na tambayi kasuwa, na tambayi awaki. Da gaisuwa ta ƙare mini, na sake tambayar ruwan jiya. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ruwa dai an yi shi, lafiya lau. Da magana ne?"

Na ce, "Gwaggo, 'yata na zo ɗauka."

Tunda na haife ta ban taɓa furta kalmar nan ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Ta fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ɗaya daga cikin matan ta saki salati, wata ta rufe baki da gefen zane. Na ji an yi tari a zaure, ashe ƙawar tawa ce tsoro ya kama.

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da matsa, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Can ta ce, "Sake faɗa."

"'Yata nake so, Gwaggo. Ina kewarta. Ba na iya barci."

Ta goge hannunta a tsumma, ta ce wa matan su ba mu wuri. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, har na fara tunanin abin da Inna za ta ce in labari ya kai birni. Sai na ji muryarta ta sauko ƙasa, irin yadda ban taɓa ji ba.

"Ni ma na haifi mace, ta fari. Mijinki bai sani ba, ba a haife shi ba lokacin. Ranar yaye uwar mijina ta goya ta ta tafi da ita ƙauye. Na yi shiru. Aka yi ta yabona, ana cewa yarinyar nan akwai kunya. Da bazara ƙyanda ta shiga garin. Sai da aka binne ta aka aiko mini. Ko ranar ban yi kuka a gaban mutane ba, aka ƙara yabona." Ta dubi turmin. "Daga ita ban ƙara ba."

Na ɗago na dube ta. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe kwalla tana rufewa. Ta fito da ƙullin kaya ya ninka wanda na ba ta, da ɗan kwanon nan mai fure a sama. Katifar ce kawai ta bari. Ta ɗauko yarinyar, wadda ta fara kuka tana miƙa mata hannu, ta ce in juya. Da hannunta ta ɗora mini ita a baya, ta ja zanen goyon ta ɗaure tamau har sai da numfashina ya tsaya.

"Ba don kin fi ni sonta ba ne," in ji ta. "Don kin faɗa ne. Ni a zuci na yi ta faɗa, ba wanda ya ji."

Na ce, "Gwaggo, duk Juma'a zan kawo miki ita ta wuni."

Ta ce, "Tafi dai, kafin in sake shawara."

Da muka shigo lungunmu Saje yana zaune a gindin darbejiya. Ya hango goyo, ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ƙame ya sara mini kamar wata hafsa. Da yamma na ji maigidana ta taga yana gaya wa majalisa cewa an warware matsalar ta hanyar lalama, kuma dama zuwansa na ranar Juma'a share fage ne. Tela ya tambaya ko Amurka za ta iya koyi da mu. Ni kuwa ina fama da yarinyar da ta ƙi kununa ta ce na Inna take so, wato na Gwaggo. Sai da ta yi kwanaki kafin ta yarda ta yi barci a jikina. Amurkawan kuwa sun daɗe a tsare bayan nan, har wani sanyin ya zagayo kafin a sake su. Ranar da rediyo ya faɗa na yi wa iyayensu murna da gaske.

Juma'ar farko na cika alkawari. Tun daga nesa na hango Gwaggo zaune a dakalin ƙofar gida, ita da ba ta barin kasko ranar Juma'a. Na sauke mata takwararta. Na ce maigida zai zo ɗaukarta da yamma, ta ce a'a, ba ta yarda da besfar nan ba.

Bayan la'asar, majalisa ta cika ana ta musun jiragen ruwan yaƙi, sai ga ta da goyo, ta tako tun daga Tarauni a ƙafa. Maza suka yi tsit, maigidana ya kashe rediyo. Ba ta ko dube su ba. Ta tsaya a bakin zaure, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji, har ta fi Maman 'Yan Biyu.

"Ina uwar yarinyar nan? Fito, ga 'yarki na kawo miki."